Gwaibar Melvin

Shekara arba'in da ɗaya ke nan da aurena da Melvin, kuma a cikinsu ban taɓa ganin an yi wani taro a garinmu Pa'auilo ba a zo ƙofar gidanmu an yi sallama da shi ba. Ko aure ne, ko mutuwa, ko yaro ya gama sakandare, ko jariri ya cika shekara, sai ka ga mota ta tsaya a bakin gareji, mutum ya fito yana sosa ƙeya yana cewa, "Goggo Lorna, Kawu na nan?" Shi ke haƙa ramin gashi, shi ke sa alade a ciki ya lulluɓe da ganyen ayaba, shi ke faɗin lokacin da za a buɗe. Tun yana aikin gonar rake ake kiransa, da gonar ta rufe ya koma gyaran titi, kiran bai ragu ba. Bai taɓa auna gishiri da cokali ba. Damƙowa yake yi da hannu ya watsa, ya lakato romo da yatsa ya kai baki, ya lumshe ido, sannan ya ce "saura kaɗan," ko ya ce "shi ke nan." In ya ce shi ke nan, to magana ta ƙare.

Shekara uku da suka wuce wani ɗan kumburi ya fito masa a gefen wuya. Ya yi wata biyu yana ce mini haƙori ne, kafin 'yarmu Kehau ta sa shi a mota da ƙarfin tsiya ta kai shi asibiti. Ciwon daji ne a maƙogwaro. Mako bakwai muka yi muna zuwa asibitin birnin Hilo kullum da safe, ana kwantar da shi a ƙarƙashin na'ura ana gasa wurin. A makon farko har barkwanci yake yi wa ma'aikatan. Ya ce musu, "Shekara arba'in ina gasa na wasu, yau ga shi ni aka samu. Ku dai kada ku bari in ƙone." Zuwa mako na biyar ya daina magana gaba ɗaya, don ko ruwa ya haɗiya sai hawaye ya zubo.

Ya tashi, ciwon ya tafi. Amma ya tafi da yawun bakinsa, ya tafi da ɗanɗano, ya kuma taɓa hancin. Kome ya sa a baki, in ji shi, kamar jiƙaƙƙen kwali ne. Likita ya ce wataƙila ya dawo, wataƙila kuma ba zai dawo ba. Daga nan ya zama mutumin da ba ya rabuwa da gorar ruwa, wandonsa kuma sai da na ƙara wa bel ɗinsa huda biyu.

Wata biyar bayan an gama gashin asibitin, jikar ƙanwarsa Winona ta gama sakandare, ya ce shi zai yi naman. Ba wanda ya iya hana shi. Ya haƙa raminsa, ya yi komai yadda ya saba, naman ya fito yana zamewa daga ƙashi. Aka zuba a manyan tire ana yagawa, ya zo sa gishiri. Ya watsa, ya ɗanɗana, ya ƙara. Ya sake ɗanɗanawa, ya sake ƙarawa. Sau huɗu na ƙirga. Ina tsaye kusa da shi, kafaɗata na gogar tasa, ban hana shi ba.

Ranar an ci shinkafa, an ci poi, wato tuwon gwaza, an ci kifi. Naman kuwa kowa ya ɗiba don kunya, ya tura shi gefen faranti ya rufe da takardar goge baki. Mutane na wucewa suna dafa shi suna cewa, "Kawu, hannunka na nan!" shi kuma yana ta dariya. Washegari da safe ni da Winona da Kehau muka ɗauki tire uku muka binne a bayan gidan Winona, muka yi alkawari ba mai faɗa masa.

Bayan wata takwas, 'yar Kehau, Malie, ta kusa cika shekara ɗaya. Ita ce jikarmu ta fari, kuma mun daɗe muna jiranta. Tun tana wata shida Melvin yake tara itace a bayan gareji.

Wata Lahadi bayan an taso daga coci Kehau ta zo da takarda a hannu. Daga yadda ta zauna a bakin kujera na san abin da ke tafe da ita, don mun riga mun yi maganar a waya.

Ta ce, "Baba, mun zauna da Royden mun tsara komai. Shi da 'yan'uwansa za su yi ramin bikin Malie."

Royden mijinta ne. Melvin ya sauke gorar ruwa daga bakinsa a hankali.

"Royden?"

"E, Baba."

"Royden ɗin da ya ƙona kaza a kan gawayi har kare ya ƙi ci?"

"Haba Baba, wannan tun yaushe! Shekara shida yana bin ka wurin rami. Kuma hayaƙi ba ya yi wa maƙogwaronka kyau, likita ma ya faɗa."

"Wane likitan? A gabana dai bai faɗa ba." Ya juyo ya dube ni, na sunkuyar da kai ina gyara ƙyallen tebur. Ya ce, "To ni me zan yi? In zauna a bakin ƙofa ina jera wa baƙi silifas?"

Kehau ta duba takardarta kamar ba ita ta rubuta ba. "Abin dangwale za ka yi mana. Na cuku mai laushi da gwaiba, wanda ake ci da biskit kafin a kawo abinci. Mutane suna son shi sosai."

"Wanda ake buɗe kwalba a juye a kan cuku?"

"Ba haka kawai ba ne, ana..."

"Wannan ai aikin wanda ya manta da biki ne sai da ya ga motoci suna wucewa."

Kehau ta yi dariya, ni ma na taya ta, amma shi bai yi ba. Ya tashi ya fita gareji. Kehau ta dube ni idonta ya cika, ta ce, "Mama, ya zan yi? Mutum ɗari biyu ne, har da dangin Royden daga tsibirin Maui." Na ce ta tafi, zai huce.

Kwana uku bai tada maganar ba. Ran Talata Royden ya zo da a-kori-kura ya kwashe itacen nan, Melvin na zaune a gareji yana kallo, har ya nuna masa inda igiya take. Ni kuma na je kanti na sayo cuku guda shida da jam ɗin gwaiba kwalba biyu, na ajiye kwalaben a kan tebur inda zai gani. Ya gani. Ya ɗauke su ya tura can ƙarshen kabad, bayan gwangwanayen kifi.

Ran Alhamis da safe na fito na tarar da shi ya sa takalmin roba, yana riƙe da bokiti.

Na ce, "Baban Kehau, ina zuwa?"

"In dai gwaiba za a ci da sunana, ba ta kwalba za a ci ba."

Na bi shi, don har lokacin jiri na ɗibarsa in ya hau tudu. Muka hau ta bayan gari zuwa filin kiwo inda gwaiba ta cika bakin shinge. An yi ruwa da asuba, ciyawa ta jiƙa mana wando har gwiwa. Ƙasa duk ruɓaɓɓu ne waɗanda aladun daji suka tattake, ƙananan ƙudaje sun yi musu baƙi. Da can daga nesa yake gane wadda ta nuna da hanci. Ranar sai ya tsinko, ya danna da babban yatsa, ya miƙo mini.

"Shinshina."

In na ce ta yi, ya jefa a bokiti. In na ce da saura, ya yar. Haka muka yi ta yi ba wata hira, har bokitin ya kai rabi, ya zauna a kan wani kututture yana haki, ya sha ruwa, muka sauko.

A kicin ya wanke su, ya yanke kai da gindi, ya rarraba su huɗu-huɗu, ya zuba a babbar tukunya da ruwa kaɗan. Da suka yi lugub ya juye a rariya, ya riƙa dannawa da bayan ludayi har jan naman ya gama tsiyaya, 'ya'yan suka rage. Ya mayar kan wuta, ya zuba sukari, ya tsaya yana juyawa. Ya aike ni gindin matakala na tsinko masa ƙananan barkono biyu, ya daka ya zuba. Hannunsa bai manta komai ba. In ka gan shi ta baya, sai ka rantse babu abin da ya same shi.

Ƙamshi ya cika gidan har ya fita titi. Yana cikin juyawa, bai waiwayo ba, ya ce, "Yana ƙamshi?"

Na ce, "Har bakin titi."

Ya gyaɗa kai. Da ya yi kauri, ya lakato da cokali, ya hura, ya kai baki, ya lumshe ido kamar yadda ya saba. Ya daɗe a haka. Sannan ya buɗe idon, ya ɗauraye cokalin, ya sake ɗibowa ya miƙo mini.

Zaƙi ya yi yawa, har yana kama maƙoshi. Na ce, "Ya yi daɗi."

"Me ya rage?"

"Babu."

Ban san me ya sa na faɗi haka ba. Ina jin bakina ne ya riga ya saba.

Muna haka sai ga Winona ta shigo da ƙyallayen tebur da ta ara wa Kehau. Winona shekara talatin ta yi tana dafa wa 'yan makaranta abinci, kuma bakinta ba shi da linzami tun tana yarinya. Ko gaisuwa ba ta gama ba ta leƙa tukunya.

"Iye! Yaya, an koma sana'ar mata ke nan? Kawo in ji."

Ta karɓe cokalin daga hannuna ta lasa, ta yamutsa fuska.

"Kai! Wannan ai alewa ce. Ina tsamin? So kake haƙoran mutane su zube a gidan biki? Lorna, ke ba ki ɗanɗana ba?"

Melvin ya ce, "Ta ɗanɗana. Ta ce ya yi."

"Ita ai komai ya yi ne a wurinta. Naman nan ma da muka binne, da an bi ta tata..."

Ta tsaya. Ta kai hannu baki, amma maganar ta riga ta fita. Melvin ya miƙa hannu ya kashe wutar.

"Wane nama?"

Winona ta ce, "A'a, wani ne can, na gidan..."

"Winona. Wane nama?"

Ta dube ni, ni kuma na dubi ƙasa. Ta ja kujera ta zauna, ta faɗa masa. Ba ta rage komai ba, don ita ba ta iya rage magana ba ko da ta so.

Ya ce, "Tire nawa?"

"Uku."

"A cikin nawa?"

"Huɗu."

"Wa da wa ya sani?"

Winona ta ce, "Yaya, duk wanda ya sa shi a baki."

Ya ɗauki gorar ruwansa ya fita. Ta taga muna hango shi zaune a gareji a kan kujerar roba, ya zuba wa wurin da itacen nan yake da ido. Winona ta fara kuka tana cewa a yanke mata harshe. Na ce ta yi shiru, ba ita ta yi laifin ba.

Ya fi rabin awa a can. Da ya dawo ya buɗe firji, ya ɗauko lemon tsami uku, ya yanka, ya ajiye a gaban ƙanwarsa, ya kunna wuta.

Ya ce, "Ni zan matsa, ke ki riƙa faɗa mini. In bai yi ba ki ce bai yi ba."

Ya matsa rabi, ta lasa ta ce da saura. Ya matsa wani, ta ce da saura. Sai a na huɗu ta ce, "Yauwa, tsaya nan." Duk wannan ina tsaye a jikin ƙofa, ko sau ɗaya bai dubi inda nake ba.

Sai washegari da hantsi ya yi mini magana. Ina shanya a bayan gida ya zo ya tsaya a ɗaya gefen igiyar.

"Lokacin da nake ƙara gishirin, kina ina?"

"Ina kusa da kai."

"Kin gani?"

"Na gani."

"Me ya hana ki riƙe mini hannu?"

Na ce, "Ranar ce rana ta farko da na ga haƙoranka tun da muka fara zuwa Hilo. Na kasa."

Ya ce, "Mutum ɗari da hamsin suna yi mini kallon tausayi, ni kuma ina zagayawa ina washe baki kamar wawa. Har na ce wa Royden ya zo ya koyi sa gishiri." Ya yi wata 'yar dariya mara daɗi. "Da kin taka mini ƙafa kawai, Lorna. Shekara nawa kina taka mini ƙafa a coci in na fara gyangyaɗi?"

Ya ɗauko wata rigarsa daga kwando ya shanya da kansa, a karkace, ya koma ciki.

Ran Asabar, ranar bikin, tun da sassafe ya fitar da cukun daga firji don ya saki. Winona ta zo ƙarfe tara kamar yadda ya ce mata. Ya juye cukun a babban kwano, ya buga shi da cokalin katako har ya yi laushi kamar man shanu. Ya zuba rabin gwaibar ya gauraya sama-sama, yadda ja da fari za su riƙa ratsa juna. Ya yanka lawashi siriri ya zuba. Ya ɗebo gishiri da yatsu uku, ya kai hannu kan kwanon, sai ya tsaya. Ya mayar da shi cikin gwangwanin, ya tura wa Winona.

"Sa."

Ta sa, ta ɗanɗana, ta ce ya yi. Ya juye a faffaɗan faranti, ya shafe saman da bayan cokali, ya kwarara sauran gwaibar a kai, ya barbaɗa gyaɗar makadamiya da ya soya ya farfasa. Na duba agogo, ko minti goma sha biyar bai cika ba. Ya tsaya yana kallon farantin, hannayensa a sake.

Ya ce, "Shi ke nan?"

Winona ta ce, "Shi ke nan, Yaya."

Mutumin da ya saba kwana biyu a kan aikin biki ɗaya. Ya wanke kwanon, ya wanke cokalin, ya goge tebur, ya sake goge shi, sannan ya je ya yi wanka ya zauna a falo da rigarsa mai furanni, yana jiran ƙarfe goma sha ɗaya.

A gidan iyayen Royden aka yi, a garin Honoka'a. An kafa rumfuna uku a tsakar fili, masu kiɗa sun zauna a ƙarƙashin ɗaya, yara na guje-guje a cikin yayyafi. An sa wa Malie farar riga da zoben furanni a ka, tana ta ƙoƙarin cire shi ta ci. Melvin ya ɗauki farantinsa da hannu biyu ya kai teburin kayan taɓawa, ya matsar da wani kwanon wake ya ajiye, ya jera biskit a gefe. Aka ba shi Malie aka ɗauki hoto. Daga nan ya je gindin mangwaro ya tsaya, nesa da ramin, amma inda zai iya gani.

Zan faɗi gaskiya, ko da ba ta yi mini kyau ba. A raina na so naman Royden ya ɗan gaza. Ba lalacewa ba, ko ɗan gefe ɗaya ya ƙi nuna, yadda za a rugo a ce, "Kawu, zo ka duba mana." Har addu'a na yi a kan haka.

Ƙarfe goma sha biyu Royden da 'yan'uwansa suka kwashe ƙasar ramin, suka yaye buhuna da ganye, tururi ya tashi ya rufe su. Suka ɗago naman su huɗu. Tun daga inda nake na ga yana rabuwa da ƙashi da kansa. Suka yaga, Royden ya sa gishiri, yayansa ya ɗanɗana, suka tafa. Ba wanda ya waiwayo gindin mangwaro.

Sai Royden ya ɗebo a ƙaramin faranti ya ratso fili har gaban Melvin. Yaron kirki ne, don girmamawa ya yi. Ya ɗan rusuna ya ce, "Baba, kai za ka fara. In ba ka ce ya yi ba, ba mai ci."

Masu kiɗa suka tsaya, mutane suka juyo. Rabinsu sun ci naman bara. Melvin ya dubi farantin, ya dubi Royden, ya ɗauki 'yar tsoka ya sa a baki. Ya tauna, ya tauna, abin ya ƙi wucewa, sai da ya kora da ruwa. Bai lumshe ido ba.

Ya ce, "Ya yi."

Aka yi tafi da shewa, kiɗa ya ci gaba, aka yi layi.

Farantin gwaibar Melvin kuwa tun kafin a buɗe ramin aka share shi. Na ga wani tsoho daga Maui yana kankare gefen da guntun biskit. Wata abokiyar aikin Kehau ta zo har inda muke zaune ta ce, "Kawu, an ce kai ka yi na gwaibar nan. Don Allah yaya ake yi?"

Ya ce, "Cuku, gwaiba, lemon tsami, barkono, lawashi."

Ta ce, "Au, ashe mai sauƙin nan ne! Ni ma ina yi, da jam ɗin kwalba, minti biyar na gama."

Ya ce, "Haka ne."

Bayan ita mutane suka yi ta zuwa. Wannan ya dafa shi ya ce bai taɓa cin irinsa ba, wancan ya ce a ajiye masa na Kirsimeti. Kuma da gaske suke yi, don na ci, na san ya yi. Amma duk wanda ya yaba, sai Melvin ya zuba masa ido yana neman wani abu a fuskarsa. Da wani tsohon abokin aikinsa na gonar rake ya zo ya ce, "Mel, hannunka na nan!" sai ya miƙe ya ce mini, "Ina makullin mota?"

Ba a ma yanka kek ba. Kehau ta biyo mu har bakin mota da Malie a kafaɗa tana cewa, "Baba, ko minti goma." Ya shafa kan yarinyar ya ce ya gaji ne kawai, bikin ya yi kyau. Kehau ta dube ni, na girgiza mata kai.

Ni na tuƙa. Ruwan ya ƙaru, na rage gudu. Muka wuce gada ta farko, muka wuce ta biyu, yana kallon teku ta taga. Farantin na kan cinyarsa, babu komai a ciki.

Can ya ce, "Kin ci naman?"

"Na ci."

"Yaya yake? Kada ki yi mini irin taku."

Na ce, "Ya yi laushi. Hayaƙi ya shiga shi sosai. Gishiri daidai."

"Ya kai irin nawa? Na da can nake nufi."

Na riƙe sitiyari da kyau. Na ce, "Ya kai."

Ya gyaɗa kai sau biyu. Ya ce, "To madalla. Yaron ya koya." Ya buɗe gora ya sha ruwa.

Tun daga ranar bai sake haƙa rami ba. Motoci sun ci gaba da tsayawa a bakin gareji na ɗan lokaci, ya riƙa ba su lambar Royden, har suka daina zuwa. Ɗanɗanon ya ɗan dawo a bara, amma ɗaci kaɗai yake ji da ɗan tsami, don haka yanzu kofi baƙi yake sha, ya ce aƙalla ya san ya sha wani abu. Ba ya fushi da ni, ba ya ɗaga mini murya. Muna zuwa coci tare, muna zuwa ganin Malie ran Laraba. Sai dai in yana son jin gaskiyar wani abu, ko aski ne aka yi masa, Winona yake kira a waya.

Makon jiya muna zaune a baranda da yamma, rana ta haska gefen fuskarsa, na ga kumatunsa sun ɗan ciko. Na ce, "Baban Kehau, ka fara mayar da jiki fa."

Ya dube ni na ɗan lokaci. Sannan ya dafa gwiwa ya tashi, ya shiga ciki. Na ji ya jawo sikeli daga ƙarƙashin gado, na ji ya hau. Ya ɗan jima, ya mayar da shi, ya dawo ya zauna a kujerarsa. Bai faɗa mini abin da ya gani ba, ni ma ban tambaya ba.